Bitar takwarori: Yadda ake tace binciken likitanci, da ɓarakar da kuɗi ke shiga ta cikinta

A ranar 28 ga watan Fabrairun 1998 ne mujallar The Lancet, ɗaya daga cikin tsofaffin mujallun likitanci na duniya, ta buga wata maƙala mai shafi biyar, wadda wani likita ɗan Birtaniya, Andrew Wakefield, ya rubuta tare da abokan aikinsa 12. Maƙalar ta yi bayani ne a kan yara 12 da aka duba a asibitin Royal Free da ke Landan, inda ta nuna yiwuwar alaƙa tsakanin lalurar galahanga da allurar MMR, wadda ke kare yara daga ƙyanda da hangum da rubela.

Su kansu marubutan sun amsa a cikin maƙalar cewa ba su tabbatar da wannan alaƙa ba. Amma a taron manema labarai, Wakefield ya nemi a dakatar da haɗaɗɗiyar allurar, a riƙa yi wa yara kowacce daban. Jaridu suka ɗauka, iyaye suka tsorata. Adadin yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya faɗi daga kimanin kashi 92 cikin 100 a tsakiyar shekarun 1990 zuwa kimanin kashi 80 a 2003. A 2006 ƙyanda ta kashe wani yaro ɗan shekara 13, mutuwa ta farko irinta a Birtaniya cikin shekara 14.

Abin da ya bai wa maganar ƙarfi shi ne sunan mujallar da ta buga ta, da kuma sanin cewa sai da masana suka tace maƙalar kafin ta fito. To mece ce wannan tacewa, kuma ta yaya irin wannan aiki ya bi ta cikinta ya wuce?

Mece ce bitar takwarori?

Idan likita ko masanin kimiyya ya kammala bincike, yakan rubuta maƙala ya aika wa mujalla. Edita zai fara dubawa, kuma a manyan mujallu akasarin maƙalu a nan suke tsayawa. Wadda ta tsallake, sai a tura ta ga masana biyu ko uku da ke aiki a fanni ɗaya da marubucin. Su ne takwarorinsa, aikin da suke yi kuwa shi ake kira bitar takwarori.

Masu bitar sukan duba ko tsarin binciken ya dace da tambayar da aka yi, ko yawan majinyatan ya isa, ko lissafin ya yi daidai, ko kuma hukuncin da marubucin ya yanke ya zarce abin da alƙalumansa suka nuna. Daga nan sai su ba da shawarar a karɓa, ko a mayar don gyara, ko a yi watsi da maƙalar. Hukuncin ƙarshe na edita ne. Galibi ba a biyan masu bita ko kwabo, kuma a mujallu da dama marubuci ba ya sanin sunayensu.

Akan danganta asalin tsarin da mujallar ƙungiyar masana ta Royal Society da aka fara bugawa a Landan a 1665, da kuma wata mujallar likitanci ta birnin Edinbura a farkon shekarun 1730. Sai dai zamansa ƙa'idar da ba a tsallakewa sabon abu ne. Mujallar Nature ba ta wajabta shi a kan kowace maƙala ba sai a 1973.

Abin da rariyar ba ta iya riƙewa

Mai bita takarda yake karantawa. Ba ya zuwa asibitin da aka yi aikin, ba ya ganin majinyatan, kuma da wuya a ba shi ɗanyen bayanan da aka tattara. Tsarin kacokan an gina shi ne bisa amanar cewa abin da marubuci ya rubuta shi ne abin da ya faru.

Ko kurakuran da ke kan takardar ma ba duka ake kamawa ba. Editocin mujallar BMJ ta Birtaniya sun taɓa gwada masu yi musu bita: suka ɗauki wata maƙala, suka cusa mata kurakurai takwas da gangan, suka rarraba. Mutum 221 ne suka mayar da amsa, kuma a sakamakon da aka buga a 1998, matsakaicin abin da kowannensu ya gano kurakurai biyu ne kacal.

Annobar korona ta sake fito da wannan rauni fili. A ranar 22 ga Mayun 2020, The Lancet ta buga wani bincike da ya ce ya tattara bayanan majinyata fiye da 96,000 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida, ya kuma gano cewa magungunan chloroquine da hydroxychloroquine na ƙara haɗarin mutuwa. Cikin kwana uku Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da wannan ɓangare na gwajin da take gudanarwa. Amma sai masu karatu suka lura cewa adadin mamatan da aka ce an samu a asibitocin Ostireliya ya haura wanda ƙasar baki ɗaya ta sanar a lokacin. Masana fiye da 100 suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa, inda suka nuna shakku har a kan alƙaluman Afirka, waɗanda suka yi yawa da tsari fiye da yadda hankali zai ɗauka. Kamfanin Surgisphere mai bayanan ya ƙi bari a bincika su, aka janye maƙalar ranar 4 ga Yuni. Daga baya manyan gwaje-gwaje na gaskiya suka nuna cewa maganin ba ya amfanar masu korona da ke kwance a asibiti, amma wannan sani ta wata hanyar aka same shi.

Mene ne cin karon muradu?

Babban muradin mai binciken lafiya shi ne gano gaskiya da kare majinyaci. Idan wani muradi na daban ya shigo, wanda zai iya karkatar da hukuncinsa, to an samu cin karon muradu. Na biyun zai iya zama kuɗin da kamfanin magani ke biyansa, ko hannun jari, ko haƙƙin mallakar wata ƙirƙira, ko neman ƙarin girma, ko abota, ko gaba. A kotu, alƙalin da ke da rabo a gonar da ake shari'a a kanta yakan janye ne ko da kuwa mutumin kirki ne, domin abin da ake gudu shi ne halin da ya samu kansa a ciki. Hausawa sun taƙaita zancen da cewa wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Haka lamarin Wakefield ya kasance. A Fabrairun 2004, ɗan jarida Brian Deer ya bayyana a jaridar Sunday Times cewa tun kafin a buga maƙalar, wani lauya da ke shirya ƙarar kamfanonin da ke yin allurar MMR ya ɗauki likitan aiki, kuma an ware fam 55,000 daga asusun tallafin shari'a na gwamnati domin binciken. Wasu daga cikin yaran 12 iyayensu na cikin masu shirin ƙarar. Daga baya aka gano cewa abin da aka biya shi a tsawon shekaru ya haura fam 400,000, sannan tun 1997 aka shigar da takardar neman haƙƙin mallakar wata allurar ƙyanda da sunansa a ciki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta a maƙalar.

Editan The Lancet, Richard Horton, ya ce da ya san da wannan alaƙa da ba a buga aikin yadda aka buga shi ba. A Maris na 2004, mutum 10 daga cikin marubuta 13 suka janye fassarar da aka yi wa sakamakon. A Janairun 2010 hukumar da ke sa ido kan likitoci a Birtaniya ta samu Wakefield da rashin gaskiya, mujallar ta janye maƙalar ranar 2 ga Fabrairu, aka kuma soke lasisinsa a watan Mayu. A 2011 mujallar BMJ ta bayyana aikin da cewa zamba ce, bayan an kwatanta abin da aka buga da takardun asibitin yaran. Wakefield dai ya ci gaba da musanta aikata ba daidai ba.

Yadda kuɗi ke karkatar da sakamako ba tare da ƙarya ba

Ƙirƙirar alƙaluma ba shi ne abin da ya fi yawa ba. Mafi yawan manyan gwaje-gwajen sababbin magunguna kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsu, kuma da yawansu aiki ne mai inganci wanda ya ceci rayuka. Duk da haka, wani nazari da cibiyar Cochrane ta fitar a 2017, wanda ya haɗa ayyuka 75, ya gano cewa binciken da kamfani ya biya ya fi wanda ba kamfani ya biya ba yawan fitowa da sakamakon da ya yi wa hajar kamfanin daɗi.

Hanyoyin sanannu ne. Ana iya kwatanta sabon magani da tsohon da aka bayar a ƙasa da ƙimar da ta dace. Ana iya auna abubuwa goma, a ba da labarin biyun da suka yi kyau. Ana iya taƙaita lokacin gwaji kafin illa ta bayyana. Mafi sauƙi kuma shi ne a ajiye binciken da bai yi daɗi ba a aljihun tebur.

Wani nazari da mujallar New England Journal of Medicine ta Amurka ta buga a 2008 ya nuna girman wannan. Masu nazarin sun duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa da aka yi wa rajista a hukumar abinci da magunguna ta Amurka. Daga cikin 38 da hukumar ta ɗauka sun yi nasara, an buga 37. Daga cikin 36 da ba su yi ba ko suke da shakku, 22 ba a buga su ba sam, 11 kuma an buga su ta sigar da ke nuna kamar an yi nasara. Likitan da ya dogara da mujallu kaɗai zai zaci kusan dukan gwaje-gwajen sun yi kyau, alhali kusan rabi ne. Mai bita kuwa ba shi da ikon tace maƙalar da ba a taɓa aiko masa ba.

Akwai kuma rubutun bayan fage, inda kamfani ke hayar ƙwararren marubuci ya tsara maƙala, sannan a jera sunayen manyan furofesoshi a kanta. Binciken da aka sani da lamba 329, wanda aka buga a 2001, ya ce maganin paroxetine yana aiki kuma jikin matasa masu ciwon damuwa yana karɓarsa. Takardun kotu sun nuna cewa marubuciyar da aka yi haya ce ta tsara daftarin farko. Da wasu masana masu zaman kansu suka sake lissafa ɗanyen bayanan a 2015, sai suka gano maganin bai fi ƙwayar da ba ta ɗauke da magani amfani ba ga matasan, kuma ya ƙara musu tunanin kashe kai. A 2012 kamfanin GlaxoSmithKline ya amince ya biya dala biliyan 3 a Amurka kan laifuffukan da suka haɗa da tallata wannan magani ga 'yan ƙasa da shekara 18.

Su ma mujallun suna da nasu

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mujallu na samun kuɗi daga tallan magunguna, da kuma sayar da kofen maƙalu ga kamfanoni, waɗanda wakilansu ke rarraba wa likitoci. A Nuwamban 2000, New England Journal of Medicine ta buga wani gwaji na maganin ciwon gaɓoɓi mai suna Vioxx na kamfanin Merck. Mujallar ta sayar da kofe fiye da 900,000 na wannan maƙala, akasarinsu ga kamfanin. A Satumban 2004 aka janye maganin daga kasuwa saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A Disamban 2005 editocin suka sanar cewa akwai bugun zuciya uku da ba a saka a maƙalar ba, yayin da marubutan suka ce ukun sun faru ne bayan ranar da aka tsayar don rufe tattara bayanai.

Zuwan intanet ya kawo wani salon: mujalla ta bar kowa ya karanta kyauta, marubuci ya biya kuɗin bugawa. Wannan ya buɗe ƙofar ilimi ga likitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma akwai mujallu masu mutunci da ke bin sa. Amma ya haifar da mujallun ci-da-ceto, waɗanda duk maƙalar da suka ƙi karɓa asara ce a wurinsu. A 2013 wani ɗan jaridar mujallar Science, John Bohannon, ya aika maƙalar bogi mai cike da kurakurai a kan maganin daji ga irin waɗannan mujallu 304. Guda 157 suka karɓa.

Matakan da aka ɗauka

New England Journal of Medicine ce ta fara neman marubuta su bayyana alaƙarsu ta kuɗi da kamfanoni, a 1984, lokacin editanta Arnold Relman. A yau kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wanda ya samo asali daga wani taro a birnin Bankuba na Kanada a 1978, yana da takardar da marubuci ke cikewa ya lissafa alaƙoƙinsa na wata 36 da suka gabata. Tun daga 2005 mujallun da ke cikin kwamitin ba sa buga gwajin da ba a yi masa rajista a bainar jama'a tun farkonsa ba, domin a san abin da aka yi alkawarin aunawa, a kuma san gwajin da ya ɓata. Afirka na da nata kundin rajistar da ke Afirka ta Kudu. A Amurka kuma wata doka ta 2010 ta tilasta wa kamfanoni su riƙa wallafa abin da suke bai wa likitoci.

Sai dai bayyanawar ma amana ce, domin mujallu ba safai suke binciken abin da marubuci ya rubuta ba. A Satumban 2018 babban likitan cibiyar daji ta Memorial Sloan Kettering da ke New York, José Baselga, ya yi murabus bayan 'yan jarida sun gano cewa bai bayyana alaƙarsa da kamfanonin magani ba a maƙalu da dama.

Ina ruwan Najeriya?

Akasarin magungunan da ake rubutawa a asibitocin Najeriya, da ƙa'idojin jinya da ake koyar da ɗaliban likitanci, sun dogara ne da hujjojin da aka buga a irin waɗannan mujallu. Duk karkatar da ta faru a can, majinyaci a nan zai iya ɗanɗana ta.

Ƙasar kuma ta san farashin rashin amana a harkar bincike. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda aka bai wa kusan rabinsu sabon maganin, sauran kuma wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar an rubuta ta ne bayan gwajin, aka mayar da kwanan watanta baya. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, kuma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba. Wannan matsala ce ta sa ido a kan gwaji tun kafin a kai ga mujalla, amma tushensu ɗaya: mai neman riba shi ne ke riƙe da bayanan. Masana da dama na lissafa ta cikin dalilan da suka sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003 zuwa 2004, abin da ya mayar da yaƙi da cutar baya.

A yau Najeriya na da kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da kundin ƙa'idoji na 2007, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙarfafa matsayinsa. Ƙalubalen da ya rage yana cikin jami'o'i da asibitocin koyarwa, inda ƙarin girma ya rataya a kan yawan maƙalun da malami ya buga. Wannan ma muradi ne da ke iya cin karo da gaskiya, kuma shi ne kasuwar mujallun ci-da-ceto.

Abin da mai karatu zai duba

Duk lokacin da aka ce "bincike ya nuna", akwai tambayoyin da ba sai likita ba ne zai iya yin su. A wace mujalla aka buga, kuma an yi bitar ko kuwa daftari ne aka ɗora a intanet? Wa ya biya kuɗin aikin, me marubutan suka bayyana a ƙarshen maƙalar? Mutum nawa aka gwada, kuma da wa aka kwatanta su? A kan mutane aka yi ko a kan ɓeraye? Mafi muhimmanci, shin wasu masanan da ba su da alaƙa da na farko sun maimaita sun samu abu ɗaya?

Tambayar ƙarshen ce ta warware batun MMR. A 2002 masana a Denmak suka bi diddigin yara fiye da 530,000, ba su ga wata alaƙa tsakanin allurar da galahanga ba. A 2019 suka sake bugawa da yara fiye da 650,000, sakamakon bai canza ba. Su ma waɗannan ayyuka ta bitar takwarori suka bi, wanda ke nuna cewa tsarin yana da amfani matuƙar an ɗauke shi a matsayin tacewar farko, ba hatimin gaskiya ba. Amma daga ranar da aka buga maƙalar yara 12 zuwa ranar da aka janye ta, kusan shekara 12 aka yi, kuma har yanzu ana yawo da zancenta a shafukan sada zumunta cikin harsuna daban-daban.